Faransanci a BAK: sa'a ce, ko hannun mai gyara?

Wata ɗalibar tarminal A4, ajin ƙarshe na sakandare da ke zama jarrabawar BAK, ƴar Mirya da ke zaune gidan gwaggonta a Garin Malam saboda karatu, ta aiko mini da wannan tambaya: "Mushe, bara yayana ya haddace fasikil, ɗan littafin taƙaitattun darussa, guda cur da maganganun marubuta sun fi 50, amma ya fito da 6 bisa 20 a Faransanci. Abokinsa da ko littafi biyu bai gama ba ya samu 12. Yanzu duk ajinmu cewa ake yi adabi sa'a ce, ya danganta da hannun da takardarka ta faɗa. Wasu sun ce in guje wa disartasiyo in ɗauki rezime. Gaskiya ne? Me zan yi a watannin da suka rage?"

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika tambaya tun da sauran lokaci. Na daɗe ina koyar da Faransanci a nan Damagaram, na tsare ɗakin jarrabawa, na kuma zauna gaban tulin takardun BAK da jan bik a hannu. Ban ga takardar yayanki ba, amma na ga ƴan uwanta da yawa, har ina iya gaya miki yadda ta fara. Ina kyautata zaton da «Depuis la nuit des temps» ya buɗe, wato tun fil'azal, sai sunan Senghor, sai na Césaire, sai na Victor Hugo, kowane da maganarsa a jere kamar kayan talla a Kasuwar Dole. Shafi 6 ko 7, rubutu mai tsabta. Abu ɗaya ne babu a ciki: amsar tambayar da aka yi masa a ranar.

Bari in fara da batun hannun mai gyara, tunda shi ya fi damun ku. Ba zan ce miki babu bambanci tsakanin malamai ba, ƙarya ke nan. Mutum ne ke karantawa, ga zafi, ga gajiya, wani hannunsa a sake, wani a damƙe. Malamai biyu za su iya saɓawa da maki 1 ko 2 a kan takarda ɗaya. Amma ki san yadda aikin yake tafiya. Takardarki tana zuwa hannunmu ba suna, lamba ce kawai, ban san ko ta ɗan gwamna ce ko ta ɗiyar mai ga-ruwa ba. Kafin kowa ya ɗora jan bik, masu gyara suna zama su tattauna kowace tambaya, su daidaita abin da ake jira da yadda za a raba maki. Tsakanin 9 da 11 akwai ɗan wurin da hannu yake taka rawa. Tsakanin 6 da 12 kuwa, ba hannu ba ne. Wanda ya samu 12 ya amsa abin da aka tambaya, ko da misalansa biyu ne rak. Wanda ya samu 6 ya amsa tambayar da ya taho da ita daga gida.

In ma kina ganin jarrabawar da na'ura ke gyarawa ta fi sauƙi, ki tambayi ƴan garin nan da suka tsallaka Kano ko Katsina suka zauna JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya. A kwamfuta ake yi, adabin Ingilishi tambaya 40 ne, ka zaɓi amsa ɗaya cikin 4. A Amurka ma an daɗe ana yin wata jarrabawar adabi ta shiga jami'a a ƙarƙashin SAT: awa 1, tambayoyi wajen 60 a kan waƙoƙi da guntayen rubutun da ɗalibi bai san za su fito ba, maki daga 200 zuwa 800, har aka daina ta a 2021. Can babu mai gyara da za a ɗora wa laifi, amma kukan ɗaliban iri ɗaya ne da naku: amsoshi biyu duk sun yi kama da daidai, lokaci kuma yana gudu. Abin da ake aunawa a can shi ake aunawa a nan, wato ko mutum ya iya karanta abin da ke gabansa. Tamu dai ta gado ce daga Faransa, inda Napoleon ya kafa ta a 1808, kuma tana ba ki awa 4 ki kare kanki da bakinki. Ni a ganina wannan ya fi adalci ga ɗan da ya iya tunani.

To, ranar jarrabawa za a ajiye miki tambayoyi iri 3 ki ɗauki ɗaya: taƙaita rubutu, wato rezime, da tattaunawa, sharhin wani guntun adabi, ko disartasiyo, wato doguwar muhawara a rubuce a kan wata magana. Abin da na fi gani a ɗaki shi ne abin da ke faruwa a rabin awar farko, kuma a nan yawancin takardu suke mutuwa ko su rayu.

Akwai wata shekara da na tsare wani ɗaki, damina ta sauka, an kwana ana ruwa, ɗalibai sun shigo da laka a takalma. Wani yaro a layin gaba, ana gama raba tambayoyi, minti 3 ba su cika ba ya fara rubutu a takardar gaske, ko buruyo, takardar gwaji, bai taɓa ba. Ya ga kalmar da yake jira, ya ji kamar an ba shi kyauta. Kafin awa 2 ya nemi ƙarin takarda sau biyu. A bayansa wata yarinya ta shafe kusan minti 25 ba ta rubuta komai ba sai ja wa kalmomi layi da ƴan kibiyoyi, har na fara tausayinta. Can wajen awa ta uku na ga yaron ya koma ya karanta tambayar, ya ajiye bik, ya dafe kai da hannu biyu. Sai a lokacin ya ga rabin jimlar da bai karanta ba. Yarinyar kuwa ta rubuta shafi 4, ta karanta su, ta miƙa ana saura minti 10. Ban san makin kowannensu ba, mai tsaro ba ya sani. Amma na san wace takarda zan so ta faɗo hannuna.

Yanzu shawarar da aka ba ki ta gudu zuwa rezime. Masu ba da ita suna ganin a can ba a bukatar sanin littafi, kuma ta wannan gefen suna da gaskiya. Abin da ba su gaya miki ba shi ne rezime ya fi kowace tambaya tona asirin wanda Faransancinsa bai nuna ba. Za a ce ki mayar da rubutu kashi ɗaya cikin 4, da sassaucin kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Rubutu mai kalma 600 ya dawo 150 ke nan, ba ƙasa da 135 ba, ba sama da 165 ba. Ki bi tsarin marubucin daga farko zuwa ƙarshe, ki yi magana da bakinsa kamar ke ce shi, kada ki ce "marubucin ya ce", kada ki sa ra'ayinki, kada kuma ki kwashe jimlolinsa ki jona. Wanda ba shi da kalmomin kansa, dole ya kwafa, kuma mai gyara yana da asalin rubutun a gabansa. Bayan haka ga tattaunawa tana jira, wadda ƙaramar disartasiyo ce da kanta. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Idan kin saba yin rezime cikin shekara, malaminki ya gyara miki sau da dama kuma makinki yana kai 11 ko 12, ki ɗauka da zuciya ɗaya. Idan don tsoro za ki ɗauka, ki bari.

Sharhi, wanda kuke cewa komantar, shi ɗalibai suka fi tsoro, ni kuwa shi na fi so, don babu abin da za a tambaye ki wanda ba ya kan takardar. Kuskuren da ake yi iri biyu ne. Wasu su sake ba da labarin da ke cikin rubutun da kalmomi masu rauni fiye da na marubucin. Wasu kuma su zama masu ƙidaya: ga siffantawa a layi na 3, ga maimaici a layi na 7, ga kambamawa a layi na 9, shi ke nan. Ki ɗauki misali daga abin da kunnenki ya saba ji. Ranar hawan salla, maroƙi ya dubi sarki ya ce masa "hadari malafar duniya". In kika rubuta cewa wannan siffantawa ce, ba ki ce komai ba, ɗan siziyam, ajin farko na sakandare, ma ya san haka. Amma in kika ce ya zaɓi hadari ne saboda hadari yana rufe kan kowa, talaka da mai kuɗi, kuma manomi yana ɗokinsa yana tsoronsa a lokaci guda, don shi ke kawo ruwa shi ke kawo tsawa, sannan kalmar malafa ta mayar da wannan abin tsoro inuwa, to kin yi sharhi. Kin nuna abin da kalmar ta aikata. Haka za ki yi wa waƙar Senghor ko ta Baudelaire: ki samo manyan abubuwa 2 ko 3 da rubutun yake juyawa a kansu, kowanne ki kawo kalmomin da suka gina shi, ki faɗi aikin da suka yi. Ɗan Damagaram da ya tashi yana jin kirari da habaici da zambo bai kamata a ce sharhi ya gagare shi ba. Abin da ke faruwa shi ne yana ajiye wannan kunnen a ƙofar lakkwal kamar takalmi a ƙofar masallaci.

Sai disartasiyo, inda yayanki ya yi tuntuɓe. A ce an ba ki wannan: aikin marubuci shi ne ya tsaya wa al'ummarsa ya yi yaƙi da zalunci, a ƙarshe aka rubuta «discutez». Wanda ya yi hadda yana ganin kalmar zalunci sai ya kwance buhun Negritude, tafiyar marubuta masu kare martabar baƙar fata, gaba ɗaya: Paris, shekarun 1930, Senghor, Césaire, Damas, mulkin mallaka, har ƙarshen takarda. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma rabin aikin ya yi, don «discutez» na nufin ki nuna inda maganar ta yi daidai, ki kuma nuna inda ta gaza. Da an ce «expliquez», da bayani da misalai sun wadatar. Kalma ɗaya ce a ƙarshen tambaya, amma ita ke yanke tsarin takardarki duka.

Ga yadda nake so ki yi a buruyo. Ki tambayi jimlar kamar yadda alƙali yake tambayar mai ƙara. "Aikin marubuci shi ne": shi kaɗai ne aikinsa? "Al'ummarsa": in zaluncin daga cikin al'ummar yake fa? Daga nan tsari zai fito da kansa. A ɓangaren farko ki kawo wanda ya yi yaƙin da alƙalami. Abdullahi Mamani, wanda ya zauna a garin nan, ya fitar da littafin Sarraounia a 1980 a kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ragowarta ta ci gaba gabas ta gwabza da dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini cikin wannan shekarar. Ke da kika san hanyar Tirmini kina da abin faɗa a nan wanda ɗalibin Dakar ba shi da shi. Sannan ki nuna cewa yaƙin bai tsaya kan Bature ba. A littafin Ahmadu Kuruma, Les Soleils des indépendances, Fama ɗan sarauta ne da ya yi gwagwarmayar neman ƴanci, ƴancin ya zo bai bar masa komai ba sai katin ɗan ƙasa da katin jam'iyya, ya koma bin gidajen makoki yana jiran sadaka. Wannan hoto ɗaya ya fi miki maganganun hadda 10. A Une si longue lettre na Mariyama Ba, wanda ya fito a 1979, Ramatulaye tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aisatu yadda mijinta ya auri ƙawar ɗiyarsu ya juya mata baya. Nan zaluncin a cikin ɗaki yake, ba a ofishin kwamanda ba. A ɓangare na biyu ki nuna marubuci yana da wasu ayyukan: yana kukan rashin masoyi, yana ba da dariya, yana adana tarihi kamar yadda Andire Salifu, wanda jami'ar garin nan take ɗauke da sunansa, ya ɗora Sarki Tanimu a dandalin wasan kwaikwayo, wani kuma kyan magana kawai yake nema. Ki rufe da matsayinki, a taƙaice.

Kin lura ban kawo maganar kowa kalma da kalma ba. Ba haramun ba ne a kawo, in kin tabbata da ita kuma ta zauna a wurinta. Abin da ke ɓata wa mai gyara rai shi ne maganar da aka ƙirƙira aka jingina wa babban suna. Victor Hugo, bawan Allah, a takardun da na gyara ya faɗi abubuwan da ko a mafarki bai faɗa ba, wata shekara har na same shi yana magana a kan wayar salula. In kin yi shakka, ki ba da ma'anar da kalmominki, ba wanda zai rage miki.

Takardar da ta fi zauna mini a rai cikin duk waɗanda na gyara ba ta fi shafi 4 ba. Tambayar a kan amfanin adabi ce wajen tarbiyya. Mai takardar, ban san ko mace ce ko namiji ba, bayan misali ɗaya daga littafin aji, sai ya kawo Gizo da Ƙoƙi. Ya bayyana cewa kaka ba ta taɓa ce wa jikoki kada ku yi haɗama ba, barin Gizo take yi ya ci ya ci har dabararsa ta juyo kansa, yara su yi dariya, darasin ya shige su ba su ankara ba. Ya ɗaura wannan da tatsuniyoyin dabbobi na La Fontaine, ya ce dabarar ɗaya ce. Faransancin akwai kurakurai, jan bik ya yi aiki. Amma a cikin tulin ranar ita kaɗai ce na ji mutum yana tunani a gabana, kuma ta samu maki mai kyau. Adabin baka adabi ne, muddin tambayar ba ta taƙaita kan rubutaccen littafi ba. Ki dai yi shi ƙari a kan littattafan aji, kada ya maye gurbinsu.

Na san matsalar littafi. Na koyar a wata makarantar da kwafi 3 ne na littafin shekara ga aji mai cike maƙil, har sai da muka raba kwanaki, kowa ya kwana biyu da shi ya miƙa. Shi ya sa fasikil ya samu kasuwa, kuma ban ce ki jefar da naki ba. Amma fasikil kamar a ba ki labarin biki ne, kin san wa ya auri wa, ba ki ji kiɗan ba. Ki karɓi jerin littattafan bana daga malaminki, ki zaɓi 3 ko 4 ki karanta su da gaske: labari biyu, wasan kwaikwayo ɗaya, da ƴan waƙoƙi. In babu na takarda, da yawa suna yawo a waya ta WhatsApp, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku karanta babi babi. Kowane littafi ki ba shi shafi ɗaya a kayenki: sunan marubuci yadda ake rubuta shi daidai, ƙasarsa, shekarar fitowa, manyan mutanen ciki, da wurare 3 da suka taɓa ki, kowanne da irin tambayar da zai iya yi wa hidima. Wuraren nan 9 zuwa 12 za su ishe ki kusan kowace disartasiyo.

Sannan ki riƙa rubutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane mako ki ɗauki tsohuwar tambayar BAK ɗaya, ki yi mata tsari da gabatarwa kawai cikin minti 45. Sau ɗaya a wata ki zauna awa 4 cur ki yi takarda cikakkiya, don hannu ma yana bukatar sabo, na ga ɗalibai da yatsunsu suka ƙage a awa ta uku. Na san a gidan gwaggo akwai shara da wanke-wanke da jiran famfo in ruwa ya zo tsakar dare, ga wuta da ke ɗaukewa. Bayan sallar asuba kafin gida ya tashi shi ne lokacin da ɗalibaina mata suka fi cin moriya. Ki samu gwaggo ki yi mata bayani cikin ladabi, ko ki sa babanki ya yi mata magana, a ɗan sassauta miki watannin nan.

Game da harshe kuwa, kada ki ji kunyar yin tunani da Hausa. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci na aiki ne, sai dai takardar BAK ɗinki da Faransancin za ki rubuta ta. Ki warware hujjarki da Hausa a zuci har ki ji ta tsaya, in kin iya bayyana wa ƙanwarki ita ta gane, to ta nuna. Wajen zubawa ne za ki yi hattara, kada ki ɗauko jimlar Hausa ki sa mata rigar Faransanci. Gajerun jimloli, kowace da aikatau ɗinta. Manyan kalmomin da kuke tsinta don burge mai gyara su suka fi kayar da ku, don sau da yawa ba a wurinsu kuke sa su ba.

Awa 4 ɗin nan, ga yadda nake raba wa ɗalibaina: minti 20 na karanta tambayoyin duka 3 da zaɓe, kusan awa 1 a buruyo inda za ki rubuta tsari da gabatarwa da kammalawa cikakku, awa 2 da ƴan mintuna na rubutu a takardar gaske kai tsaye daga tsarin, minti 15 na ƙarshe ki bi layi layi kina duba jam'i da jinsi da wasulla masu alama. In kin zaɓa kin zaɓa. Wanda ya sauya tambaya bayan awa 2 ya yi biyu babu. Ki bar layi tsakanin gabatarwa da ɓangarori don idon mai gyara ya ga ginin tun kafin ya karanta. Kuma ki tuna BAK jimillar darussa ce, matsakaicin 10 bisa 20 ake nema, Falsafa da Tarihi suna nan su ma, kuma irin wannan aikin na karanta tambaya da tsara hujja shi za ki yi a can.

Ki gaida yayanki, ki ce masa in zai sake zama bana, kada ya zubar da haddarsa, ya koyi zaɓen 3 daga cikin 50 ɗin. Ke kuma ga aikin wannan mako: ki ɗauki tambayar marubuci da zalunci da na ba ki a sama, ki rubuta mata gabatarwa da ba ta wuce layi 12 ba, wadda ba ta fara da fil'azal ba, ki kai wa malamin ajinki ya sa mata jan bik kafin Juma'a.